Tunkiyar Inna da Darasin Kiwo

A ajin ƙarshe na sakandare aka ce mana bayan Turanci da Lissafi, dole kowa ya ci darasin sana'a. Makarantarmu ta zaɓi kiwon dabbobi, wai don duk mu 'ya'yan makiyaya ne. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Kiwon me? Garkenmu ya shiga daji tun ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Tozai. Baba ya bi sawun shanunsa, bai dawo ba. Ni da Inna muka rakuɓe a wani kango a gefen Isa, da tunkiya ɗaya tak.

A ƙuryar ɗaki Inna take ɓoye ta. Kowa ya san akwai masu kai wa mutanen daji rahoton gidan da dabba ta rage, amma ba wanda ya san ko su waye. In tunkiyar ta yi kuka, sai Inna ta hau tarin ƙarya don kada a ji kukan. Kullum in ta wanke gero, ita take kai wa ƙasarin, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa.

Malamin darasin baƙo ne, ba shi da mugunta, bai dai san garin ba. Ya ce kowa ya zo da dabbar da yake kiwo ya gwada yadda ake duba haƙori da kofato, wanda bai kawo ba ba shi da makin aikin hannu. Na bi shi har gindin darbejiya ina roƙo. Ya ce, "To ki aro mana." A wurin wa? Na zaga unguwa, kowa ya rantse ko kaza ba shi da ita. Ban ga laifinsu ba, mu ma haka muke rantsewa.

Na yi kuka har idona ya kumbura. Takardar sakandaren nan kaɗai nake hange za ta fitar da mu daga kangon, ga shi tunkiya za ta tare ni. Ban gaya wa Inna ba, wata maƙwabciya ce ta fesa mata.

Ranar gwajin na fito na tarar ta ɗaura mata igiya.

"Inna, mi za ki yi? Ganin ta za a yi!"

"A gane ta. Za ni raka ki. Ubanki bai bar miki komi ba, ni ko ba ni hana ki wagga takarda."

Muka ratsa gari da hantsi, tunkiyar tana turjewa don ta manta hasken rana. Ina jin idanun mutane a bayana. Na buɗe bakinta gaban malam, na faɗi shekarunta, na ɗaga kofato. Ya yaba ƙwarai.

Ba a yi nisa ba mutanen daji suka shigo unguwarmu bayan la'asar, a kan babura. Ba su yi lalube ba, kai tsaye ƙuryar ɗakin suka nufa, suka fita da ita.

Na ci darasin, har da sakamako mai kyau. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai har yau in ta wanke gero, takan ɗauki ƙwaryar ƙasarin ta nufi ɗaki. Sai ta kai bakin ƙofa take tsayawa.