Ranar Da Na Ƙi Hawa Agwagwa

A shekarata ta uku ina zuwa Guangzhou sarin jakunkuna, can ƙarshen shekarun casa'in, na yi ƙuru na ɗauko uwargida da 'yarmu mai shekara tara, su ma su ga duniya. Wata Lahadi da hantsi na kai su wani lambun shaƙatawa mai tafki a tsakiya. Tafki na ce, amma a idon Bakano irina, teku ne sosai.

Jiragen haya iri biyu ne a gaɓa. Ɗaya siffar agwagwa gare shi, fari fat, da rumfa, da ƙafa ake tuƙa shi kamar keke. Ɗayan kwalekwalen katako ne, ba rumfa ba komai, sai filafili biyu.

To ga inda matsalar take. Tun yarinyar nan tana goye nake ba ta labarin yadda na ƙetare kogin Wudil da damina ni kaɗai, kada biyu suna bina. In labarin ya yi daɗi, su zama bakwai. Gaskiyar magana ta kan gada na bi, a mota, ina barci. Amma ta yarda, har a makaranta ta baza.

Tsohon da ke kula da jiragen ya dubi tumbina, ya dubi kwalekwale, ya girgiza kai. "Lawban," in ji shi, wato maigida, yana nuna min agwagwa.

"Alhaji, mu hau agwagwar mana, akwai inuwa," in ji uwargida.

"Haba Hajiya! Ni da babbar rigata a cikin agwagwa? In wani ɗan Kano ya hango ni, kafin in sauka labari ya isa kasuwar Kwari."

"Ai Abba kwalekwale zai tuƙa," in ji yarinya. "Ko ba haka ba, Abba?"

Muka shiga kwalekwale.

Ashe irin wannan jirgi, baya ake juya wa inda za a nufa. Ni kuwa na harɗe ina kallon gaba kamar direban bas. Na ja dama, muka juya. Na ja hagu, muka sake juyawa. Sau goma sha ɗaya na ga fuskar tsohon nan tana wucewa. Wasu tsofaffin mata a cikin agwagwa suka gifta mu suna cin gyaɗa. Yarinya ta daina dariya, ta zuba min ido.

Sai Hajiya ta ɗaure mayafi a ƙugu. "Matsa tsakiya, ka daidaita mana nauyi."

Ta zare filafili ɗaya daga maƙalinsa, ta koma ƙarshen jirgi ta durƙusa. Ta tsoma shi, ta ɗan murɗa wuyan hannu, jirgi ya miƙe sambal. Ba fantsama, ba ƙara, sai ɗan ɗigon ruwa. Muka ratsa cikin bado, kowane ganye ya kai faifai, furanninsa sun taso har kafaɗata, jajayen kifaye suna rakiyarmu. Ko ganye ɗaya ba ta karya ba. Masu agwagwa suka daina taka feda suna kallo. Tsohon nan ya cire hula. Ni ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Na san a Yawuri aka haife ta. Shekara goma sha huɗu da aure, ban taɓa tambayarta me take yi a can ba kafin a kawo ta Kano riƙo. Bakina ma bai taɓa hutawa ba, balle ta faɗa.

"Hajiya, a ina kika koya?"

"Wurin kakata. Ni nake kai ta kasuwa tsallake."

Yarinya ta ja hannun rigata. "Abba, kadojin fa?"

"Ta kan gada na bi, 'yata. A mota."

Ta rarrafa ta koma wurin uwarta. "Umma, ke kin taɓa ganin kada?"

"Ɗaya. Ƙarami ne ma. Zo ki riƙe nan, in nuna miki."

Ni kuwa aka bar ni a tsakiya, baki buɗe, ina aikin da aka ba ni na daidaita nauyi.