Dorinar da Ta Cece Mu a Aflawo

Gemuna ya yi fari fat, amma ranar da aka tura mu leƙen asiri Aflawo ba ta fita daga raina ba, kuma ba za ta fita ba.

Lokacin yaƙin Turawa ne, Faransa da Ingilishi ba sa ga maciji, an rufe kan iyaka. Ina ɗan shekara sha shida a makarantar boko a Lome, ƙarƙashin mulkin Faransa, aka ba mu kaki da bindigogin katako, aka ce mun zama sojoji. Kullum fareti. Kaina ya kumbura, har na daina durƙusa wa tsofaffin Zongo, sai dai in sara musu.

Wata safiya kumandanmu ya ware mu uku, duk 'yan Zongo. Ya ce Bahaushe ba a raba shi da talla, don haka mu ɗauki goro mu tsallaka iyaka zuwa Aflawo, mu gano masa inda Ingilishi suka girke igwa. Bai ɓoye mana ba, ɗan leƙen asiri in an kama shi harbi ne. Mu kuwa sai murna, wai an san darajarmu.

Muka sa tsofaffin riguna, muka ɗora farantai a ka. Ashe faretin nan ya riga ya shiga ƙafa. Masu talla uku a jere, ƙirji a gaba, ƙafa na tashi tare! Ko ƙwaya ɗaya ba mu sayar ba aka cafke mu.

Sajen da aka kai mu gabansa Bahaushe ne, ga Baturensa tsaye a gefe. Sajen ya ƙare mini kallo, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, ɗan gidan wa?"

Na faɗi sunan mahaifina.

"Malam na bakin masallaci? A gabansa na yi sauka. Shi ya aiko ka?"

"A'a, baba."

"Ai na sani. Kwanta!"

Ya gaya wa Baturen cewa 'yan fasa-ƙwauri ne kawai, ya san maganinsu. Ya zaro dorina ya zane mu son ransa, sannan ya kora mu gida.

Da kumandan ya ga shatin dorina a bayanmu sai ya tara makaranta, ya ce mun sha azaba ba mu tona asirin Faransa ba. Aka yi ta mana tafi. Mu da ko asirin gidanmu ba mu sani ba!

Tun daga ranar, in mutum ya yi mini tafi sai na duba inda yake tura ni. A duk yaƙin nan, wanda ya farfasa mana baya shi kaɗai ya damu mu koma wa iyayenmu da rai.