Kujerun Motar Hajji a Riyad

Mun baro gida ana kiran sallar asuba, ni da maiɗakina, da akwatunan da rabin kayan cikinsu ba namu ba ne. Duk wanda ya ji za ka Riyad sai ya tuna yana da ɗan'uwa a can. Wannan ya kawo kuka, wancan daddawa, wata tsohuwa ta kawo yaji a gwangwanin madara. A filin jirgin Kano ma'aikacin da ya buɗe jakar ya shaƙi yajin, ya yi atishawa, ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Yayana ne ya tarye mu da yamma. Ya daɗe a ƙasar, kuma ziyararsa muka je. Abin da na fara lura da shi a Riyad shi ne faɗin tituna da ƙarancin masu tafiya a ƙasa. Gari ne na mota. Ana cikin haƙa hanyar jirgin ƙasa, don haka ko'ina shinge ne da kwana, har Yaya ya ɓata a unguwar da yake kwana a cikinta. Ya tsaya shan mai, na ga abin da ya biya, na tambaya ko rabin tanki aka zuba. Ya yi dariya ya ce a nan ruwan gora ya fi ba mutum tsoro.

Gidansa a Malaz yake, tsohuwar unguwa mai benaye da shaguna a ƙasansu. Da safe ana sayo tamis, wata gurasa mai faɗin faifai, da dafaffen wake, kuɗin bai kai na shayi da burodi a Kano ba. 'Ya'yansa suka gaishe mu da Hausa, suka koma faɗansu da Larabci. Da an kira salla shaguna su rufe, mai ciniki a hannu ya jira a waje.

Tun a daren farko na ga hankalin Yaya yana kan wata ƙuri'a. Hausawan garin suna da ƙungiya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar a haɗe, kuma kowace shekara takan shirya mota guda ta aikin Hajji, tare da takardun izini, a kan farashin da talaka zai iya. Kujerun ba su da yawa. Ƙa'idar ita ce wanda ya riga zuwa rajista da iƙamarsa, wato katin zama, shi ya samu. Ana rajistar a wani ofis a Malaz, da safe, ranar aiki. Masu mota da aikin ofis sukan cike gurbin, su da matansu, kafin azahar. Leburorin Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu da gari, ba su da damar fitowa sai Juma'a. Shi ne wasu suka kawo shawarar a ware musu kaso na kujerun, aka ce kowa ya zo ya zaɓa: eh ko a'a.

Yaya yana ɓangaren a'a, kuma ba don rowa ba. Shagon waya yake tsaro a da, har gwamnati ta ce wannan sana'a ta 'yan ƙasa ce kawai. Ya yi watanni a zaune kafin ya samu aikin lura da kaya a wani sito. Ya ce da ni, "Kai ɗan rediyo, ka iya tambaya, to amsa wannan. Ni ma yanzu a masana'antu nake aiki. Ga motata, ga gidana. Idan aka ware kason, ina ciki. Direban gida a unguwar Al-Badi'a, wanda uwar ɗakinsa ba ta barinsa ya je ko aski, yana waje. Wannan ne adalcin?" Na dai tuna masa cewa ni da shi ta hanyar kason jihohi muka shiga makarantar gaba da sakandare. Ya ce wannan daban. Na ce kowa nasa daban ne.

Ranar Alhamis na bi shi wurin aiki. Tafiya ce mai nisa, gine-gine suna raguwa, manyan motoci suna ƙaruwa, har ka isa inda babu komai sai katangu da rumbunan kwano. Da ya shiga ofis, sai na zauna da wani dattijo mutumin Maradi, mai ɗora kaya. Ya kai ni ɗakinsu, gadaje hawa-hawa, tukunya a ƙarƙashin kowane gado, ya dafa mini shayi mai kauri irin na Nijar. Gemunsa ya yi fari a ƙasar nan. Kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa, ya gaya masa ba zai sabunta masa iƙama ba bayan wannan shekarar. Na tambaye shi sau nawa ya yi Hajji. Ya ce ko sau ɗaya. Umara ya taɓa yi. Ya ce, "Malam, a gida tun shekarar da na taho suke ce mini Alhaji. In na koma, mi zan ce musu?"

An yi taron bayan sallar Juma'a, a wani gidan shaƙatawa da ake haya a arewacin gari, inda ya fi wa shugabanni sauƙi. Mun biya mun ɗauko dattijon a motarmu. Sauran mutanensu suka ce za su biyo a motar haya. An shimfiɗa dardumai, an kawo kabsa, shinkafa da kaza a manyan farantai, kowa ya naɗe hannun riga. Sai da aka ci aka sha shayi sannan aka buɗe magana.

Na halarci muhawarori da yawa a bakin aikina, kuma wannan ba ta fi su muni ba. Wani malamin jami'a ya ce ƙungiya ɗaya ce, idan aka fara raba ta gida-gida, gobe 'yan Damagaram za su nemi nasu, jibi Zazzagawa. Wani tela ya ce ai an riga an raba, tun ranar da aka sa rajista a lokacin da rabin jama'a ke ɗauke da buhu. Wani daga baya ya ce, "Halas, ya isa haka, ku gama Turancinku mu yi layi!" Sai dattijon ya miƙe. Bai yi doguwar magana ba. Ya faɗi abin da ya faɗa mini, ya zauna. Na dubi Yaya. Tare suke aiki kullum, amma a fuskarsa na gane yau ya fara jin zancen.

An yi zaɓen irin na gida, layi biyu, kowa yana ganin kowa. Dattijon ya tsaya a layin eh. Yaya ya gyara hularsa, ya tafi layin a'a. Aka ƙirga, a'a ta yi rinjaye da kaɗan. Ana cikin addu'ar tashi motar 'yan masana'antu ta iso, cike, direban ya ɓata a shingayen hanya. Aka yi hayaniya. Shugaba ya ce an riga an shafa fatiha, sai baɗi. Suka ci ragowar shinkafar a tsaye.

A hanyar komawa dattijon yana gaba, ni a baya. Muka wuce tsakiyar gari. Can Yaya ya ce, "Baba, shekara nawa muna tare, ba ka taɓa gaya mini ba?" Dattijon ya ce, "Alhaji, ana faɗin wannan?" Yaya ya ce, "To ka shirya iƙamarka. Ranar rajista ni zan yi wa mudir, manajanmu, magana, ni zan kawo ka." Dattijon ya yi godiya, ya ƙara da cewa su da yawa ne a ɗakin.

Sauran kwanakin mun yi su a kasuwanni. Maiɗakina ta sayi dabino da turare da abayoyin da suka mayar da akwatunan nauyinsu na farko. Mun sauka Kano da rana, zafin gida ya tarye mu da ƙarar janareta, muka rarraba saƙonni.

Bayan mako biyu Yaya ya kira. Dattijon ya samu kujera. Daga ɗakinsu shi kaɗai ne. Na tambayi Yaya ko ya canza ra'ayi, ya ce ko kusa, baɗi ma a'a zai tsaya, sai dai zai kawo shawarar a mayar da rajistar ranar Juma'a, a can kudu.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kafin a tambayi wa ya riga zuwa, a fara tambayar wa aka bari ya fito. Da ina da ƙuri'a da na tsaya a layin eh, amma da tambayar Yaya a kan direban Al-Badi'a ta bi ni har cikin layin, kuma har yau ban samo mata amsa ba. Dattijon zai koma Maradi da sunan da ya zama nasa. Abokan ɗakinsa suna jiran baɗi, waɗanda iƙamarsu za ta kai.