Shekarar da Ɗorawar Kaka ta Nuna

A garinmu ba wanda ya taɓa ganin ɗorawa ta nuna a kan uwarta. Ni dai tun da aka haife ni ban gani ba, kuma na kwana biyu a duniya, don na kusa gama sakandare. Itatuwan suna kan iyakar gonakinmu da na ƙauyuka biyu, ɗaya a gabas, ɗaya a arewa. Da 'ya'ya sun fara tsawo sai matan garinmu su ce bari su tsinke kafin na gabas su riga su. Na gabas su ce kafin na arewa. Kowa ya kwashe ta ɗanya shar, kalwar ciki duk a motse. Daddawar da ake yi da ita kuwa, ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya sauka a kanta.

Bishiyar da ba ta kawo komai ƙarshenta gawayi. Wadda ta fi kowace girma ta Kakata ce, amma a gonar Baffa take, ƙanen Babana. Kullum kukansa inuwarta ta hana geronsa tashi, ga mai gawayi yana yi masa zarya a babur. Da Baffa ya matsa, Kaka ta ce to, in bana ma ba ta ba da abin kirki ba, a sare. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Da daddawar bishiyar nan ta aurar da 'ya'yanta mata.

A shekarar ne malamin gona ya zo da labarin cewa akwai masu sayen kalwa daga birni, amma nunanniya suke so, daga inda ba a sare itatuwa, kuma sai an haɗa ta wuri ɗaya. Masu unguwannin ƙauyukan uku suka zauna, aka sha gardama har wani tsoho ya manta takalmansa. Aka tsaya a kan ba mai ɗaga ƙugiya sai ranar da aka yi shela a ko'ina lokaci ɗaya. Gadi kuwa musaya za a yi: yaran garinmu su tsare itatuwan gabas, na gabas su tsare namu, haka ma da na arewa, saboda ba ɗan da zai kai ƙarar uwarsa. Wanda ya ga mai tsinka ya buga gwangwani. Kowa ya san in gwangwani ya yi ƙara sau ɗaya an gama, duk mata za su fito a wawashe.

Ni aka ba gabas bayan an taso makaranta. Bishiyar Kaka kuwa wata siririyar yarinya 'yar gabas aka ba, wadda ba na jin ta taɓa yin dariya tun ranar sunanta.

Da zafi ya tsananta 'ya'yan suka fara ja, Kaka ta daina cin abinci da kyau. Wata rana na dawo cin tuwon rana, na ga babu doguwar gorar nan mai ƙugiya a jikin rumbu, babu Kaka. Na fita da gudun da kajin unguwarmu suke labarinsa har yanzu.

Na tarar da ita a gindin bishiyar ta ɗaga gora. Yarinyar tana tsaye gefe, gwangwani a hagu, sanda a dama.

"Iya, ki sauke," in ji yarinyar. "Wallahi bugawa zan yi."

"Ke 'yar gidan wa ce? Bishiyar ubanki ce?"

"An ce ko ta mutum ce."

Na shiga tsakaninsu ina haki. A gida ni ne angon Kaka, tun ina rarrafe take kirana maigida, ni kuma ina ce mata amarya. Na gyara murya yadda Liman yake yi in zai yi huɗuba.

"Amarya, da izinin wa kika fito?"

"Kauce min, ja'iri."

"Miji ne ja'iri? Gaban baƙuwa? To na hana. Ki sauke gorar nan ko in rubuta miki takarda yanzu, ga shaida a tsaye."

"Mijin da ko sabulu bai taɓa saya min ba," in ji Kaka. "Kai ba ka san mutanen gabas ba. Su ne fa suka yi mini kaf shekarar da aka haifi ubanka."

"To ga 'yar gabas nan a rana tana tsare miki ita, ko ruwa ba ki ba ta ba."

Kaka ta dubi yarinyar. Leɓunanta sun bushe, ƙafafunta sun yi furu-furu. Ta daɗe tana kallonta, gorar tana sauka a hankali.

"In suka riga ni fa?" ta ce da ƙaramar murya.

"Iyata ma haka take cewa a kanku," in ji yarinyar. "Mun ɓoye mata ƙugiyarta a rufin ɗaki."

Kaka ta yi dariya har ta dafa bishiya. Ta miƙo min gorar, ta kama hannun yarinyar, ta ce a je a dama mata fura. Yarinyar ta ce ba za ta bar wurin gadi ba. Sai da na kawo mata furar har gona, ni ango guda.

Ranar da aka yi shela, bayan sallar asuba, ƙauyuka uku suka fito. Reshe ɗaya in aka girgiza sai ka nemi mafaka. Garin ciki rawaya, zaƙi kamar an zuba sukari, yara duk bakinsu ya rine har iyaye suna kasa gane nasu. Kalwa manya, baƙaƙe, masu sheƙi. Aka yi kwanaki ana daka ana wankewa, sannan mota ta zo daga birni ta ɗauki ta ƙauyukan gaba ɗaya. Kaka ta ware tata ta daddawa, warinta ya isa har Makoda.

Ana cikin kwasar ta ƙarshe mai gawayi ya tsaya da baburinsa a bakin gona, zarto ɗaure a baya. Baffa yana zaune a inuwar da yake zagi, ya cika baki da garin ɗorawa.

"Malam, yaya maganarmu?"

Baffa ya yi ƙoƙarin amsawa, gari ya hana shi, ya yi ta tari. Kaka ce ta taso tana gyara ɗaurin zane.

"Ɗan nan, zo ka ɗebi ɗorawa ka kai wa yara," ta ce. "Bishiyar ba ta sayarwa ba ce."

Ya cika aljihu biyu, ya cika hularsa, ya juya babur.