Ranar da Inna Ta Ɓata Mini Ciniki

Shekarun baya, farko-farkon shekarun casa'in, lokacin ina aikin malamin gona a Kontagora, na ɗaura niyyar sayen ƙaramar bas saboda iyali. Ba ƙwalisa ce ta sa ni ba. Gida ya cika, ga matata, ga yara, ga mahaifiyata, abin hawanmu kuwa wani babur ne da sai an tura shi kowace safiya kafin ya yarda gari ya waye. Amma babban dalilin mahaifiyata ce. Ciwon gwiwa ya kama ta har ƙafafunta sun daina lanƙwasuwa, yayarta kuma, wadda ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu, tana zaune a Salka, ido ya tafi, ba ta fita ko'ina. An ɗauki shekaru ba su haɗu ba, sai dai aike.

Mun taɓa gwada motar haya. Aka cusa ta a kujerar baya, mutum huɗu a wurin mutum uku, ko Ibeto ba mu kai ba ta ce a sauke ta. Muka juyo gida, ta kwanta jinyar ƙafa. Na ce to a ɗauki shatar mota ita kaɗai. Ta ce ita da naɗe ƙafa a ƙaramar mota har abada, kuma ita ba buhun dawa ba ce da za a kinkima a ɗora a bayan a-kori-kura.

A lokacin sabuwar mota fil ta fi ƙarfin ma'aikaci irina. 'Yar Kwatano, wato gwanjon motar da ake shigowa da ita daga waje, ita ce sabuwarmu. Akwai wani Alhaji, Banufe, da ke da fili a bakin titi inda yake jera irin waɗannan motoci, a nan na ga bas ɗin. Shuɗiya ce, ƙofar gefenta ja ake yi ta buɗe wangwam, ga ta kusa da ƙasa, ga fili a gaban kujerar tsakiya wanda mutum zai miƙe ƙafa har ya yi barci. Ina ganinta na san ita ce. Na sayar da masarar da na noma a Kaboji, na haɗa da kwasar adashi da ɗan abin da na tara, amma kuɗin da Alhaji ya yanka ya ɗara abin da ke hannuna.

Sai na nemi wani abokina. Shi a kasuwar hatsi ya tashi, kuma a wurinsa sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa abin kunya ne, ko da allura ce. Ya zaunar da ni ya yi mini karatu.

"Da farko dai ka gyara fuskar nan taka," in ji shi. "Kana kallon motar kamar ka ga amarya. Ɗaure fuska. In ka taɓa taya ka girgiza kai. In ya tayar da inji ka ce ka ji wata ƙara."

"To in ban ji ba fa?"

"Ka ji."

Haka muka riƙa zuwa. Mu gaisa, Alhaji ya sa a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ya fasa goro, a tambayi iyali da damina, sannan abokina ya tashi ya zagaya motar yana kushe ta. Fenti ba na asali ba ne. Irin wannan inji shan mai gare shi. Ni kuma ina biye da shi ina girgiza kai kamar ƙadangare, zuciyata na cewa Allah ya sa kada wani ya riga ni. In mun taya, Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Albarka." Mu tashi kamar mun yi fushi, mu tafi a hankali ko zai kira mu. Bai taɓa kira ba. Sai dai ya ɗaga murya ya ce a gaida gida.

Ba wai bai ba mu hanya ba. Ya ce in na so in ba da rabi, sauran in riƙa biya duk wata da ɗan ƙari a kai, takardun mota su zauna a wurinsa har in gama. Ko kuma in ɗauki motar in sa ta haya ranakun kasuwa, in riƙa kawo masa abin da aka samu har ta fanshi kanta. Na ce ni ba don awaki da buhuna nake neman mota ba. Na farkon kuwa abokina ya ce ƙarin ya yi yawa. Shawararsa ita ce mu yi shiru har ƙarshen wata, lokacin da Alhaji zai koma Kwatano sarin wasu motocin. "A lokacin zai matsu da kuɗi. Da ƙafarsa zai zo ƙofar gidanka." Na yarda, don maganar ta yi ma'ana, kuma gaskiya na fara jin daɗin wasan. Na fara ganin kaina a matsayin gogaggen ɗan kasuwa.

Ana cikin haka wani mai sarin hatsi ya zo daga Salka da saƙo. Yayar mahaifiyata ba lafiya, ta daina cin abinci, kuma tana yawan tambayar ƙanwarta. Mahaifiyata ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya, ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Washegari da safe ta kira ni. "Motar nan da kuke ta zarya a kanta, a kawo in gani."

Na je na roƙi Alhaji ya bari a kawo ta ƙofar gida mu gwada ko tsohuwa za ta iya shiga. Ya ce shi da kansa zai tuƙo. Kafin ya iso abokina ya ja ni gefe ya ce in ja wa Inna kunne, ko ta ji daɗin motar kada ta nuna. Na shiga na faɗa mata a ladabce. Ta dube ni ta ce, "To." Da na san halinta da kyau, da wannan "to" ɗin ya tsorata ni.

Motar ta tsaya, Alhaji ya ja ƙofa. Mahaifiyata ta fito tana dogara sanda, ta ci ado da zanen da sai Sallah take ɗaurawa. Na miƙa hannu zan taimake ta, ta ture. Ta juya baya, ta zauna a bakin kujera, ta jawo ƙafa ɗaya da hannu, ta jawo ɗayar, ta miƙe su sambal. Sai ta jingina, ta sauke numfashi, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji.

"Alhamdu lillahi! Wannan ce. Wallahi ko gadona bai kai ta daɗi ba. Kai, Allah ya yi wa wanda ya ƙera ta albarka."

Na dubi abokina. Ya dafe kai da hannu biyu. Zaryar da muka yi, da girgiza kai, da ƙarar da na ji ta ƙarya, duk sun tafi a numfashi ɗaya.

Na matsa na yi ƙasa da murya. "Inna, gwaji ne kawai, ki sauko. Motar ma shan mai gare ta."

"Ta sha mana. Kai da kana jariri wane irin sha ne ba ka yi ba? Na mayar da kai?"

Alhaji ya fashe da dariya, ya ce, "Hajiya ta faɗi gaskiya." Jin muryarsa ya sa ta juyo ta ƙare masa kallo.

"Kai, wannan Hausar taka da ƙarnin kifi take. Banufe ne?"

"Gaba da baya, Hajiya."

"Ashe bawanmu ne ake ta wahalar mini da ɗa a kansa!"

Iyayen mahaifiyata Katsinawa ne, fatauci ya kawo su Kontagora, kuma tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi, sai dai a rama. Ni duk zaman da na yi a tabarmar Alhaji wannan bai taɓa faɗo mini a rai ba, ina can ina ɗaure fuska.

Alhaji ya tafa hannu. "Bakatsiniya! Shi ya sa! Na yi ta mamakin wane irin mutum ne zai cinye mini goro kaf bai sayi komai ba."

"Goron ma ai namu ne. Me Banufe ya mallaka in ban da kwalekwale?"

Suka yi ta yi, mutanen unguwa na dariya. Can sai mahaifiyata ta daina dariya. Ta gyara mayafinta, muryarta ta sauya, ta ce masa, "Alhaji, bar wasa. Yayata ce ba lafiya a Salka. Ita ta goye ni. Ni ban san kuɗin mota ba, ban san abin da kuke ja a kai ba. Na dai san na shigo, kuma ba zan sauka ba sai a ƙofar gidanta."

Ni kunya ta kama ni, tsoro ma ya kama ni, don ban san ta inda zan ɓullo ba. Sai Alhaji ya juyo gare ni.

"Malam, ka iya tuƙi?"

Na ce ina tuƙa motar ofis.

Ya miƙo mini makulli. "Ku je. In kun dawo ma yi cinikin."

"To nawa zan ba da na shata?"

"Ka zuba mai dai. In na karɓi kuɗin shata a hannun Bakatsiniya, har jikokina sai an yi musu gori."

Abokina ya ja hannun rigata yana raɗa mini, "Tarko ne. In ka hau ta ka je ka dawo, da wane baki za ka kushe ta?" Na ji shi sarai, na kuma san da gaskiyarsa. Na karɓi makullin.

Mahaifiyata kuwa ta cika alkawari, ba ta sauka ba. Daga cikin motar ta riƙa ba da umarni, a ɗauko mata buta, a ɗauko ƙullin kayanta, a zuba garin kunu da kuka da daddawa. Matata ta kwaso yara, muka kama hanya. Damina ce, dawa ta yi kore shar a dama da hagu, yara na ta ƙirga shanu ta taga suna musu. Duk inda hanya ta yi rami sai in rage gudu in waiwaya, ita kuma ta ce, "Kalli gabanka, ni lafiyata lau." Muka wuce Ibeto ba ta ce uffan ba, sai jan carbi.

Mun isa Salka bayan azahar. Yayar tata na kwance a ɗaki, ta rame har na kusa kasa gane ta. Mahaifiyata ta dogara ta shiga ta yi sallama.

"Wace ce?"

"Ni ce, Yaya."

Tsohuwar ta ce, "Sai yanzu? Da ma tun kina yarinya nawa gare ki. A aike ki rijiya sai rana ta faɗi."

"Ƙafa ce, Yaya."

"Ƙafa! Matso in ji."

Ta lalubo fuskarta da hannu biyu, ta shafa goshi, ta shafa kumatu, ta ce, "Kin tsufa." Mahaifiyata ta ce, "Ke fa?" Sai suka sa dariya, dariyar ta koma kuka, na ja yara muka fita. Daga baya aka dama kunu. Matar da aka ce ta daina cin abinci ta sha a hannun ƙanwarta, tana sha tana faɗan tsamiya ta yi yawa. Ina zaune a waje kusa da motar da ba tawa ba, ina jiyo mahaifiyata, wadda duk gidanmu ba mai ɗaga mata murya, tana cewa, "To, Yaya. Yi haƙuri, Yaya."

Mun ɗan kwana biyu muka juyo. Da muka hango gari sai mahaifiyata ta kira ni. Ta ce, "Gobe ka je ka biya mutumin nan abin da ya ce. Kada ka rage masa ko kwabo."

"Inna, ai ciniki ba a..."

"Na gama cinikin."

Haka aka yi. Na je ni kaɗai, don abokina ya ce zuciyarsa ba za ta iya gani ba. Alhaji bai rage komai ba, ni ma ban nema ba. Ya karɓi abin da ke hannuna, ya ce cikon in kawo bayan kaka ba tare da ƙari ba, ya miƙo mini takardun a take. Wata bai ƙare ba aka aiko daga Salka cewa Allah ya yi wa yayar Inna rasuwa. A motar muka koma gaisuwa, Alhaji ma ya bi mu.

Har yau in zancen ya taso abokina cewa yake an yi mini wayo, Banufe ya karanta mu tsaf ya san makulli ya fi kowace magana ɗaure mai saye. Mai yiwuwa ne. Ɗan kasuwa ne, ban ce waliyyi ba ne. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, dabarun ciniki duk na mai lokaci ne, kuma a kan lokacin wani muke ta jan rai ba mu sani ba. Motar ta yi mana shekaru, ta kai yara makaranta, ta kai amare, ta tsufa har na sayar da ita ga wani mai gyara. Cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar gidanmu ranar, tsofaffin duk sun tafi.

Ina kewar wancan zamani, lokacin da mutum zai miƙa maka makullin dukiyarsa saboda wasan kakanni. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne muryar da na jiyo daga ɗakin nan na Salka. Duk rayuwata uwa na san ta, mai faɗa a ji. Ranar ce kaɗai na ji ta tana ƙanwar wani, ana yi mata faɗa tana ba da haƙuri cikin jin daɗi, kuma bayan wannan tafiyar ba ta sake samun wanda za ta kira Yaya ba.