Rigunan da Inna Ba Ta Ɗauraye Ba

A can bayan asibitin akwai wani dogon ɗaki mai jiƙaƙƙen siminti, da manyan bahuna a jere, da injinan wanki biyu, ɗaya na aiki, ɗaya ya yi ritaya ba da izinin kowa ba. A nan Inna Ɗauraya ta tsufa. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan, domin duk zanen gadon da aka ce an gama wankewa sai ta kai shi hanci, ta yamutsa fuska, ta mayar da shi baho ta ce a sake. Sababbin ma'aikata kan ce ko ruwan sama ne ya sauko, Inna sai ta sa an ɗauraye shi. Tana jin su sarai, ko a jikinta.

Da wankin nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi kuma autarta ta yi karatu har ta zama nas a wannan asibitin. Gida ɗaya suke zaune, ita da Auta da jaririn Auta, wanda Inna ke kira maigidana, tana tsokanarsa wai bai taɓa kawo cefane ba sai cika ciki. Uban yaron direban babbar mota ne, annoba ta ritsa da shi a wani gari aka rufe hanyoyi.

Da cutar ta yi ƙamari, aka tura Auta ɗakin da ake killace masu ita. Aka hana ma'aikata tafiya gida da kayan aiki, sai dai a cusa su a buhu a sauko da su ɗakin wanki. Rigunan duk iri ɗaya ne, amma Inna ba ta ɓatan na 'yarta, saboda Auta gajeriya ce, kuma Inna da hannunta ta naɗe musu ƙasa ta ɗinke. Kullum ta zaro su daga buhu sai gabanta ya faɗi. Ta san gadajen da zannuwansu ke saukowa a ce mai gadon ya cika.

Sai ta fara ware su a ƙaramin baho, ta zuba musu bilic, maganin wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, fiye da kima, ta matse, ta shanya ba ɗauraya. A tunaninta, idan maganin ya bushe a jikin yadi, duk ƙwayar cutar da ta sauka a kai za ta mutu kafin ta kai ga fatar 'yarta. Ga mace da ta fi kowa sanin abin da bilic ke yi wa fata, tafin hannunta ma shaida ne, amma tsoro ya rufe mata ido ruf. Ba ta gaya wa kowa ba, har wani daɗi take ji a ranta, ita ma ta shiga yaƙin.

Auta kuwa tana sa rigar, ta ɗora ta leda a kai, ta wuni tana zufa. Ba a daɗe ba wuyanta ya yi ja, sai hammata, sai ƙugu inda igiyar wando ke kamawa. Da farko ba wanda ya kula, don a lokacin kowa a ɗakin da nasa: wannan, takunkumin fuska ya ci masa karan hanci, waccan yatsunta sun tsattsage saboda yawan wanke hannu. Amma na Auta ya wuce nan. Ƙurajen suka fashe suna ruwa, ga ƙaiƙayi kamar ta yage fatar. Ta tsorata ko wani abu ta kwaso daga majinyata, ta daina ɗaukar ɗanta, ta daina ba shi nono. Ta koma ƙaramin ɗaki, tana tatsa a kofi ta miƙo, har nonon ya ƙafe aka koma madara. Inna, da ta ga cuta ta fara taɓa 'yarta, sai ta ƙara bilic.

Wata ranar hutu da la'asar, Auta na zaune a bakin ƙofarta tana shafa mai, take ba da labarin zuwanta wurin likitan fata. Ya ce abin ya ba shi mamaki, ƙurajen sun bi duk inda yadi ke gugar jiki, amma abokan aikinta masu irin rigar ba su da shi. Ya tambaye ta ko ta sauya sabulu.

"Na ce masa, likita, mahaifiyata ce ke wanke kayan nan, kuma kaf asibitin nan an san ba ta wasa da ɗauraya."

Ta faɗa ne tana murmushi, da alfahari. Inna na goye da yaron, nan take ta gane aikinta ne. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa Allah ya sauwaƙe.

Washegari ta ɗauraye rigunan har hannunta ya yi yaushi, kuma ba ta sake fashi ba. Ƙurajen suka fara bushewa, Auta ta yi ta yabon man da likita ya ba ta. Inna ta ce wa ranta ai shi ke nan, ɓarna ta gyaru ba sai an tona ba. Ƙarya take yi wa kanta, kuma ta sani. Auta ta ƙi taɓa yaron, ta ce tunda ba a gano mene ne ba, ba za ta shafa masa abin da ba ta san sunansa ba. Haƙorinsa na farko a yatsan Inna ya fara cizo. Ranar da ya fara rarrafe, uwarsa daga bakin ƙofa ta tafa masa, hawaye na bin gefen takunkumi. Inna ta kasa cin abinci ranar. Kunya ce ta ɗaure mata harshe: ta yaya za ta dubi yarinyar da ta yi tutiya da ita gaban likita?

Sai da makonni suka shuɗe. Wata safiya Auta ta fito za ta aiki, Inna ta tare ta a tsakar ɗaki, yaron na wasa da murfin tukunya a ƙasa.

"Auta, ba cuta ba ce a jikinki. Ni ce. Bilic nake zuba wa rigunanki, ba na ɗaurayewa. Na ɗauka kariya nake miki."

Auta ta dubi tabon da ke wuyan hannunta, ta daɗe tana dubawa. Ta tambaya tun yaushe Inna ta gane, Inna ta faɗa mata gaskiya.

"Na farkon ban riƙe ki da shi ba, Inna," in ji ta a hankali. "Amma da kin faɗa tun ranar."

Ta ajiye jaka, ta cire takunkumi, ta durƙusa ta miƙa wa ɗanta hannu biyu tana kiransa. Yaron ya saki murfin, ya ƙura wa fuskar ido, leɓensa ya fara rawa. Sai ya juya da rarrafe ya cusa kai cikin zanen kakarsa, ya ƙanƙame ta yana tsala kuka. Inna ta sunkuya tana ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa je ka, uwarka ce, je ka mana.

"Bar shi, Inna," in ji Auta, hannuwanta har yanzu a miƙe. "Kada ki tsorata shi. Bai san ni ba ne."