Manibel ɗin Baba Tsoho

A bayan ƙofar ɗakina akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a jingine. Duk baƙuwar da ta gan shi sai ta tambaya ko na tokare ƙofa ne, ni kuwa sai in ce e, don labarinsa ya fi ƙarfin zaman gaisuwa. In na kai shi hanci har yanzu da sauran warin baƙin mai a bakinsa, kuma warin nan kaɗai ya isa ya mayar da ni gidanmu na Birni ina ƴar lakwal, wato ƴar makarantar boko. Manibel ne, ƙarfen da ake zurawa ta gaban tsohuwar mota a juya da hannu har inji ya kama. Na motar kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho.

Motar ƴar guntuwar jif ce ta soja, ba ƙofa, ba gilashin gefe, rufinta tamfol. Shi kansa tsohon soja ne. Zamanin Nasara aka ɗauke shi yana saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Droum, ya koyi tuƙi a bariki, da aka yi gwanjon tsofaffin motoci kuma ya sayi wadda hannunsa ya saba da ita. Ta yi wa unguwa bauta. Kun dai san lungunan Birni, rairayi ne da matsi, amma ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki buhunan hatsi, har ragon layya ta ɗauka yana kuka a kujerar baya. Ni da na yi wayo na tarar ta riga ta ajiye aiki a gindin dogon yaro, ƙofar gida.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya zura manibel, ya yi bisimilla ya fizga. Ta yi tari, ta girgiza, kaji su watse, hayaƙi ya turnuƙe. Ba ya zuwa ko'ina. Zai bar ta tana gurnani har ta ɗau zafi, sannan ya kashe ya shiga cin tuwo. Da yake ni jikarsa ce, bakina a sake yake a kansa.

"Tsoho, kai da motarka duk ɗaya ne, sai tari ba tafiya."

"Yi dariyarki, amarya," in ji shi. "Tafiya ɗaya ta rage mata. Ita za ta kai ni gida."

Gida a bakinsa ba Birni ba ne. Yana can wajen yaƙin da ba nasa ba mahaifiyarsa ta rasu, da ya dawo sai kabari aka nuna masa a gindin wani gawo. Tun ranar ya ƙudura a gefenta za a kwantar da shi. Hanyar ƙauyen kuwa da rani yashi ce mai haɗiye taya, da damina laka da ruwan kwari, kuma a duk motocin da muka sani jif ɗin nan ce kaɗai ke ratsa ta a kowane lokaci. Kowa a gidanmu ya ji wannan magana. Sai dai da dariya yake faɗarta, shi ya sa aka ajiye ta cikin wasannin tsofaffi.

Wata Juma'a inji ya yi gardama, manibel ya dawo da ƙarfi ya karya masa tsintsiyar hannu. Maɗori ya zo ya ɗaure da karare. Mahaifina da baffana suka zauna a zaure suka yanke shawarar ya isa haka, suka ba kakarmu, wadda muke kira Iya, ƙarfen ta ɓoye. Ƙauna ce ta sa su, ban taɓa shakkar wannan ba.

To, a gidanmu ba a ce wa babba a'a. Da hannun ya warke ya tambaya, "Ina ƙarfena?" sai mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana dubawa, Baba." Juma'a mai zuwa ma ana dubawa. Shi kuma ya gane sarai, amma ba zai ƙaryata ɗansa a gaban yara ba, kuma girman kansa na soja bai bar shi ya roƙi wani ya tayar masa ba. Sau ɗaya na ji ya ce wa Iya, "Inji in ya daɗe a kwance kamewa yake." Ta ce, "Hannunka fa?" Nan maganar ta tsaya. Abin da ke cin raina ke nan har yau. Da ɗaya daga cikin ƴaƴansa ya ce, Baba koya mini in riƙa tayar maka, da shi ke nan. Kowa ya yi ladabi, ba wanda ya yi tambaya.

Ya ci gaba da fitowa bayan masallaci, ya hau kujerar ya zauna, hannu a kan sitiyari. In na tsokane shi sai ya yi murmushi kawai. Damina ta zo ta wuce a kan motar, wata ta biyo, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujera.

Ya rasu da hantsi a tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa. Ana cikin wanka Iya ta fito da abu naɗe a zani, ta ratsa maza, ta miƙa wa mahaifina. Manibel ne. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya gane ashe maganar ba wasa ba ce. Ya zura ya danna, bai motsa ba. Baffana ya haɗa hannu da shi, samarin unguwa suka tura, ko gezau. Aka kira makanisiyan mai gyaran mota ya duba, ya ce injin ya kame, aikin kwanaki ne. An aika tasha, ba direban da ya yarda ya shiga kwarin nan bayan irin wannan ruwa. Liman ya ce gawa ba ta jira, kuma ƙasa duk ta Allah ce. Gaskiya ya faɗa. Kafin azahar aka binne shi a maƙabartar Birni, Iya kuma ta tsinci ƙarfen a ƙasa ta mayar cikin zaninta.

Bayan na yi aure wani mutum ya zo daga Yamai yana neman tsofaffin motocin soja, wai akwai masu tara su a ƙetare. Ya kwanta a ƙarƙashin jif ɗin, ya goge wani ɗan faranti mai lambobi da yawunsa, ya ce irinta kaɗan suka rage a duniya, ya ba mu tarihin yaƙe-yaƙen da aka yi da su. Bai tambayi wanda ya tuƙa ta ba. Baffana ya sallama, don lokacin awaki ne ke kwana a ciki. Da mutumin ya nemi manibel, Iya tana zaune a tabarma ta ce, "Ana dubawa, ɗana." Ni ta ba kafin ta rasu.

Bara wani ƙanena ya nuna mini motar a waya. Sun gyara ta, sun yi mata fenti, tana gudu a kan korayen ciyayi, wani Bature da hular soja yana ɗaga hannu. Na gane tarinta tun kafin in ga hoton sosai, kuma na yi kuka. Ashe da sauran tafiya a jikinta, har ta haye teku.

Yanzu an zuba wa hanyar ƙauyen jar ƙasa, ɗan kabu-kabu ma kai ka zai yi ya dawo kafin la'asar. Na je da kakar bana. Wani dattijo ya raka ni gindin gawon, ya nuna mini inda mahaifiyar Baba Tsoho take. Gefenta har yau fili ne, ba a sa kowa ba.